Tukunyar matsi mai aiki da kuran: abin da na rubuta daga Afrilu zuwa bayan Layya

Litinin, 28 ga Afrilu 2025

Adashina ya fito, yau kuma kasuwa ke ci, don haka ina tashi daga lekwal na zarce babbar kasuwar Maradi na sayo tukunyar matsi mai aiki da kuran, wato lantarki. Lita 6 ce, wat 1000, bolt 220. Mai kanti ya yanka jikka 45 (jikka ɗaya sefa dubu ce), muka yi ta ja har ya sallama a 38, ya miƙo mini ludayin roba da kofin awo wai gyara ne, alhali a cikin kwalin suka zo. Kabu-kabu zuwa unguwar Zariya dala 60 (dala ɗaya sefa biyar ce), saboda kwalin.

Wake ne ya sa na saye ta. Mu takwas ne a gida, kuma da wuya kwana biyu su wuce ba a ɗora wake ba. Gaz ya wadata tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, amma ƴar butel mai kilo 6 ba ta jure doguwar dahuwa. Ki ɗora mata wake yau, ƙafar saniya gobe, kafin ki ankara ta ce ga garinku nan. Shi ya sa duk abu mai tauri yake komawa kan gawayi ko itace. Ga itacen da ake kwasowa daga wajen Baban Rafi kullum daɗa tsada yake yi, ga zama bakin murhu da azahar a wannan wata, wanda ba sai na faɗa ba.

Kafin in biya na sa an buɗe kwalin a gabana. Na duba robar da ta zagaye murfi ko ta tsage, na taɓa ɗan ƙarfen nan da ke tasowa idan tururi ya cika na ga yana motsi, na juya tukunyar ciki ko ta lotsa. Takardar bayani da Ingilishi take, babu Faransanci, don ta Kano kayan suka biyo, ta Jibiya da Ɗan Isa. Kan wayarta ma irin na Najeriya ne mai ƙafa uku masu faɗi, mu kuwa priz ɗinmu mai zagayayyun ramuka ne. Mai kanti ya haɗa ni da adafta ta dala 50.

Talata, 29 ga Afrilu

Ba a fara da abinci. Ruwa zalla na zuba, kofi uku, na rufe, na juya bakin fitar tururi zuwa wajen rufewa, na danna minti 5. Amfanin haka biyu ne: warin sabuntaka ya fita, kuma mutum ya ga halin abin kafin ya yi asarar cefane.

Abin da mai kanti bai faɗa ba shi ne, mintin da kika danna ba ya fara tafiya sai ɗan ƙarfen ya taso ya toshe. Kafin nan sai ruwa ya tafasa, tururi ya cika ciki. Bayan ta gama kuma akwai jiran hucewa. Wanda ya ce miki tana dafa wake a minti 20 bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi duka ba.

Inna tana kan tabarma tana kallo daga nesa. Ta ce, "Ke ɗiyata, wagga aba ba ita ka hwashewa ba? An ce ta taɓa ƙona wata a Tasawa." Na ce, "Inna, wannan murfinta ba ya buɗuwa muddin akwai tururi a ciki, kuma in zafi ya yi yawa da kanta take yanke wuta." Ta ce to, Allah shi kyauta. Da ta yi ƙarar gamawa na sa gindin muciya na ture bakin tururin. Ya fito da ƙarfi, miƙe sama, da ƙara kamar ana sace iskar tayar babbar mota. Kafin in waiga Inna ta kai ƙofar zaure, takalminta ɗaya a hannu. Kaji ma sun watse.

Dabarar cikinta ba wani sihiri ba ne, darasin da muke koya wa yara ne. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, ko itacen duniya za a tura. Idan aka hana tururi fita, matsi ya ƙaru, sai ruwan ya ƙi tafasa har ya kai wajen digiri 115 zuwa 118, a wannan zafin kuwa jijiya da ƙwaya sun fi saurin sakin jiki. Wani Bafaranshe, Denis Papin, ya ƙera irinta ta farko tun 1679. Na lantarkin ne dai sababbi.

Na canza mata wuri: ba ƙarƙashin kanta ba, ba jikin bango ba, kuma inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Alhamis, 1 ga Mayu

Hutun ranar ma'aikata, sai na gwada wake. Ƙa'idar da aka zana a jikin tukunyar ciki: nama da miya kada su wuce kashi biyu cikin uku, wake da hatsi kada su wuce rabi, saboda suna kumbura suna kumfa. Kofinta biyar na auna, wajen sulusin tiya ke nan, na tsince, na wanke, ruwa ninki biyu, cokali ɗaya na man gyaɗa don ya kwantar da kumfa. Ban jiƙa ba, ban sa kanwa ba.

Minti 16 kafin ƙarfen ya taso, minti 20 na dahuwa, na bar ta ta huce da kanta wajen minti 15. Duka dai bai cika awa ɗaya ba, kuma ban tsaya a kanta ba, gyaran takardun ɗalibai na yi. Waken ya yi lugub, ƙwaya ba ta fashe ba. Tsohon wake ne na bara, wanda ƙanin Maigida ya ajiye a buhu mai rufi uku, ba ƙwari ba magani. Irin wannan a kan gawayi sai ya ci awa ɗaya da rabi ana ƙara ruwa. Da kaka idan sabo ya fito zan rage mintin.

Inna ta ci, ta ce ya dahu, sai dai fari fat ya fito, kuma wake ba kanwa kumburin ciki ne. Ban yi musu ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Naman akuya na ɗora. Ana tsakiyar ɗaukar zafi na ji wani ƙauri wanda ba na abinci ba, ƙaurin roba. Na leƙa bayan tebur: adaftar ta yi laushi ta karkace, gefenta ɗaya ya yi baƙi, bakin priz ɗin ma ya yi launin ƙasa-ƙasa. Na ruga na sauke kwantar, wato mitar wuta, gaba ɗaya kafin in taɓa komai. Da ta huce Maigida ya sa filaya ya zare ta, ƙafa ɗaya ta maƙale a cikin ramin, robar ta narke ta rungume ta.

Ya juya ta a hannu ya ce, "Abin dala hamsin ne zai ɗauki tukunyar jikka talatin da takwas? Arha ba ta ado." Naman ya koma kan gaz. Tukunya ta koma kwali har mai gyaran wuta ya zo. Da a ce na ɗora na fita unguwa, yadda ake tallarta cewa a danna a tafi, Allah kaɗai Ya san abin da zan tarar.

Litinin, 5 ga Mayu

Mai gyaran wuta ya zo da la'asar. Ya ce, "Madam, ba tukunyar ke da laifi ba. Wat 1000 a bolt 220 bai cika ampiya 5 ba, dutsen guga ma haka yake ja. Amma dutsen guga minti kaɗan ne ya yanke, ita kuwa tana ja ba tsayawa har ta ɗauki matsi. Ƙarfen cikin adaftar nan siriri ne kuma bai kama gam ba, inda duk haɗi ya yi sako-sako nan zafi ke taruwa."

Ya yanke kan wayar na Najeriya ya sa zagayayye mai ɗaukar ampiya 16. Ya jawo waya mai kauri 2.5 tun daga allo har ɗakin girki, ya kafa mata priz nata ita kaɗai, ya hana ni haɗa ta da firigo a wayar jan wuta ɗaya. Ya kuma gano cewa gidan gaba ɗaya ba shi da wayar ƙasa. Wannan aiki ne na daban. Kafin a yi shi ya ce a ajiye ta kan teburin katako, kada a taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu ko ba takalmi.

Waya jikka 6, priz da kan waya jikka 2 da rabi, ladan aiki jikka 3. Tukunyar 38 ta tashi a kusan jikka 50. Duk mai shirin saye ya sa wannan a lissafi tun farko.

Laraba, 7 ga Mayu

Wake da safe kafin in fita. Lafiya lau, priz ko ɗumi bai yi ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Ranar shinkafa. A nan ruwa ba ya tserewa, saboda haka awon da hannu ya saba ba ya aiki. Kofi ɗaya na shinkafa, kofi ɗaya da ɗan ɗori na ruwa, minti 5, a bar ta minti 10 kafin a buɗe. Ta yi warara. Amma in gaskiya za a bi, ba ta fi gaz sauri ba idan aka haɗa da jiran ɗaukar zafi da na hucewa. Ribar kawai ba ta kamawa, ba a tsayuwa.

Shinkafa da wake a haɗe tana yiwuwa: wake kofi biyu minti 10, a bari ta huce, a buɗe a zuba shinkafa kofi uku da gishiri, a sake rufewa minti 5. Sai dai wannan abincin mutum huɗu ne. Na mutum takwas ya haura layin rabi. Lita 6 ta yi wa gidanmu kaɗan a wannan fanni, don haka tsarin shi ne wake a tukunyar kuran, shinkafa a gaz, a haɗe su daga ƙarshe.

Tuwon shinkafa kuwa ta burge ni. Ruwa ninki biyu da rabi, minti 12, ana buɗewa a tuƙe da muciya nan take a ciki. Tuwon gero da na masara ba nata ba ne. Abin da ke son talge da tuƙi a kan wuta ba a rufe shi.

Laraba, 14 ga Mayu

Jiya bikin ranar matan Nijar, ban yi girki ba. Yau miyar dage-dage ta ba ni aiki. Na soya albasa da nama a cikinta da murfi a buɗe, tana da maɓallin hakan, na zuba markaɗe da tumatirin gwangwani, na juya, na rufe. Minti ya ƙi fara tafiya. Can sai ta shiga kuka, wasu haruffa suna ƙyaftawa a fuskarta, ta yanke wuta. Da ta huce na buɗe, gindin ya kama, baƙin ƙanzo kauri guda, saman miyar kuwa ko tafasa bai yi ba.

Dalili a bayyane yake da na zauna na duba. Wutarta daga ƙasa kaɗai take, kuma tururi take buƙata ta ɗauki matsi. Miya mai kauri ba ta juyawa da kanta, sai ta kwanta a gindi ta ƙone, abin awon zafi da ke ƙasa ya ji zafi ya wuce kima ya kashe. Da yamma na sake, ta wata hanya: bayan suya na zuba ruwa kofi ɗaya da rabi, na kankare gindin tas da cokalin katako, na mai da nama, na ɗora tumatir a sama ban juya ba. Minti 25 naman jar akuya ya yi taushi. Sai na buɗe murfi na bar miyar ta tsotse.

Haka zan bi da kuka da kuɓewa busassa: a dafa nama da daddawa da kayan yaji a rufe, a buɗe, sannan a kaɗa. Ƙanzon kuwa jiƙa shi na yi ya kwana. Soson ƙarfe ba ya shiga tukunyar nan, zai kwashe shafen da ke hana kamu.

Asabar, 17 ga Mayu

Makon nan wuta ce maganar. Zafi ya kai inda ya kai, kowa ya kunna fanka, masu hali sun kunna na'urar sanyaya ɗaki, daga magariba ƙwan lantarki sai ya yi ja. Daren Alhamis na ɗora wake bayan isha, aka haura minti 25 ƙarfe bai taso ba. Mai gyaran wuta ya biyo ya auna priz ɗin da dare, bolt 175 ya samu. Ya ce zafin da take bayarwa ba daidai da bolt yake raguwa ba, ya fi haka faɗuwa: a 175, tukunyar wat 1000 ba ta ba da abin da ya wuce 630 da ɗan kai. Da asuba kuwa ya ce wuta cike take. Na gwada, haka ne.

Sai ɗaukewa. Abu biyu na gani, kuma sun bambanta ƙwarai. Jiya an ɗauke bayan ƙarfe ya taso da kamar minti 10, naman sa ne a ciki. Ban taɓa ta ba. Jikinta rufi biyu ne, tana riƙe zafi, abinci ya ci gaba da dahuwa ba wuta, ƙarfen bai faɗa ba sai bayan wajen minti 20. Na buɗe, naman saura ƙiris. Wannan ne babban abin da ta fi rishon lantarki da shi: ƙarfin wutar a farko take buƙatarsa, in ta ɗauki matsi sai ɗan kunnawa da kashewa.

Yau kuwa an ɗauke tun ruwa bai tafasa ba. A nan ba abin jira. Da zafin Mayu, nama a ruwa mai ɗumi-ɗumi cikin rufaffiyar tukunya awa biyu uku, lalacewa zai yi. Babbar ɗiyata ta ɗauko tukunyar cikin za ta aza kan gaz, na ce a'a, juye a tukunyar gida. Harshen wuta zai lanƙwasa gindinta ta daina zama daidai kan farantin zafi. Saboda wannan dalili na zafi ne ma ban amfani da maɓallin da ke jinkirta girki zuwa wasu awoyi idan da nama a ciki. Kuma tawa in wuta ta dawo ba ta tuna inda ta tsaya, sai an sake danna mata.

Wutar Maradi da Damagaram ta layin Katsina take shigowa, ta Gazawa. Mun ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke ta a Agustan 2023, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Wanda ya ga wannan ba ya sayar da butel ɗinsa na gaz, ba ya rushe murhu. Tsarina yanzu: abu mai tauri da asuba, bayan salla, kafin gari ya farka.

Laraba, 21 ga Mayu

Rogo, minti 10, a kan ɗan marafin ƙarfe mai ƙafa da ruwa kofi ɗaya da rabi a ƙasa. Ƙwai minti 5. Ba labari.

Asabar, 24 ga Mayu

Na dawo daga suna na tarar da bangon ɗakin girki ya yi zane ja-ja har kusa da rufi, ɗiyata tana goge tebur tana hawaye. Inna ce ta sa ta jefa kanwa a wake, "yadda aka gada", sannan da yunwa ta matsa wa ƙannenta ta buɗe bakin tururi tukunya na gamawa. Kanwa ta tayar da kumfa, matsi ya sauka farat ɗaya, ruwan wake ya biyo tururi ya yi feshi. Allah Ya tsare, hannu bai ƙone ba, don da muciya ta ture.

Wankin murfi ya ɗauki lokaci. Na cire robar, na zare ɗan murfin ƙarfe mai huji-huji da ke kare bakin tururi ta ciki, ɓawon wake ya cika shi dam. Na cire ɗan ƙarfen mai tasowa da ƴar robarsa ƙarama, wadda in ta ɓace tukunya ba za ta ƙara riƙe matsi ba, na wanke su a kwano ba a bakin rariya ba. Na ɗaga bakin tururin sama na ga haske ta cikinsa kafin in mayar.

Mun yi sulhu da Inna. Wake, hatsi, da duk mai kumfa, sai ta huce da kanta. Kanwa kuma a jiƙa ta daban, in an buɗe a zuba ruwanta kaɗan a bar shi ya ɗan tafasa ba murfi. Ta ce, "To, ku ƴan lekwal kun fi mu sani." Amma da dare ta ƙara loma.

Laraba, 28 ga Mayu

Shinkafar safe ta fito da ƙanshin daddawa. Robar murfi ce ke riƙe wari, wanki da sabulu bai fitar ba. Na tafasa ruwa da ɓawon lemun tsami a rufe minti 5, na shanya robar a inuwa. Ya ragu, bai tafi duka ba. Na ɗauki tsohuwar zuwa kasuwa don a gwada faɗi, kanti na nan ya ce babu, na can ya ce sai an aiko daga Kano. Na bayar da jikka 3 a kawo biyu: ɗaya ta miya da nama, ɗaya ta shinkafa da abin da ba ya son yaji. Yanzu in na wanke ba na rufe ta gam, kife murfin nake yi a sama iska ta shiga.

Asabar, 31 ga Mayu

Lissafi. Da asuba na kashe firigo da fankoki, na rubuta lambar kwantar, na dafa wake kofi biyar, na sake dubawa: bai cika kilowat 0.4 ba. Ƙafar saniya, minti 55, wajen rabin kilowat. Na raba kuɗin takardar wutar watan jiya da yawan kilowat ɗin da ke jiki, kowane ɗaya ya faɗo mini kusan dala 20. Ke nan tukunyar wake ba ta kai dala 10 ba, inda gawayinta yake cin dala 40 zuwa 50. Ƙafar saniya kuwa da sai in tura itacen dala 100 tun hantsi.

A shinkafa, taliya, dafa-duka, miyar ganye, ban ga ribar da za a yi shela a kai ba. Gaz ya fi sauri, kuma ido na kan abinci. Ribarta tana wajen masu cin wuta: wake, ƙafa, ganda, tumbi, zabo, tsohuwar kaza. In wake da nama mai tauri kaɗai ta riƙa ɗauka, a yadda muke ci, jikka 50 za ta dawo kafin shekara ta zagayo, idan ba ta lalace ba. Butel ɗin gaz ma ta fi daɗewa wannan wata.

Ƙafar ta yi kyau, romon har manne leɓe yake. Maigida ya tambaya ko an canza mahauci.

Litinin, 9 ga Yuni

An sha Sallah lafiya. Suyar nama a kasko aka yi kan itace kamar kullum. Ba a cika tukunyar nan da mai, balle a rufe shi. Aikinta kai da ƙafa ne.

Samari suka babbake, aka kankare, aka wanke da ruwan zafi har baƙin ya fita. Aka cire ƙaho, aka fasa kan gida biyu, aka ware ƙwaƙwalwa don ba ta son doguwar dahuwa. Kan ragonmu da ƙyar ya zauna ƙasa da layin kashi biyu cikin uku, ƙafafu sai zagaye na biyu. Albasa, citta, kanumfari, masoro, tafarnuwa, ruwa bai rufe naman ba, don shi ma zai fitar da nasa. Minti 40, ta huce da kanta. Romo mai kitse in aka sake masa tururi da gaggawa feshi yake yi, mun riga mun ga irinsa. Da na ɗaga murfi naman kumatu yana zamewa daga ƙashi, harshe ya yi laushi har ana yanka shi da cokali. Bara kan nan tun azahar yake kan wuta har bayan isha. Ƙafafu minti 35.

Kafin la'asar labari ya zaga. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Yaya, a ara mini abin nan mana, nawa kan ko babbaka ba a gama ba." Na ce, "Ƙanwata, kawo shi nan dai in dafa miki. Priz ɗinku ban san halinsa ba." Haka aka yi ta kawowa a kwanuka har wuta ta fara ja da magariba na ce a bari sai asuba. Tsakanin zagaye da zagaye ina duba bakin tururi, don kitse yana daskarewa a ciki.

Asara ɗaya: tsinin ƙashin kai ya karce gindin tukunyar ciki wuri biyu, farin ƙarfe ya bayyana. A zagayen baya na riƙa sa marafin nan mai ƙafa a ƙasa kafin in jera ƙashi, bai ƙara ba. Inna da kanta ta zauna kusa tana jiran ƙarfe ya faɗa, tana hana jikoki matsowa.

Asabar, 14 ga Yuni

Robobin sun iso daga Kano, ɗaya ta zauna daidai, ɗaya ta ɗan yi faɗi tururi na tsiyaya ta gefe, na mayar a canzo.

Abin da ke gaba: wayar ƙasa, mai gyara ya ce da sandar da za a binne da aiki wajen jikka 12, ƙarshen wata in albashi ya shigo, kafin ruwa ya zauna ƙasan ɗakin girki ta riƙa danshi. Na tambayi na'urar daidaita wuta. Ta firigo ta yi kaɗan, sai mai ɗaukar 2000, kuɗinta kuwa ya kusa na tukunyar kanta, don haka na ɗage, girkin asuba ya wadatar. Zan sa a nemo mini tukunyar ciki ta farin ƙarfe marar shafe, in akwai daidai da tawa. Hadari ya fara haɗowa, na gaya wa yara ana fara walƙiya a zare wayarta daga bango.

Ban gwada alala ba tukuna, haka kwaruru busasshe da zogalen Jiratawa. Zogalen zan fara da kaɗan, ƙasa da rabi, saboda ganye na iya tasowa ya toshe bakin tururi. Ana ba da hutu zan zaunar da ɗiyata ta koyi cire murfi da mayarwa, sannan in rubuta mintin kowane abinci a kwali in manna a bango kusa da priz.